Akwatin Ragi

Ku matso kusa, ku aje wayoyin nan. Jiya na ji ku gindin dogonyaro kuna dariya, wai kun gani cikin wayar hannu wani ya haɗa miksa, akwatin haɗa muryoyi, kafin shayinsa ya huce. Wai abin da ni Kulu Mai Darma na yi suna da shi daga Bodinga har Shagari, wayoyi ne kawai ake murɗewa wuri guda. Ban yi fushi ba. Ga akwatin nan bisa cinyata, ku dube shi da kyau. Gwangwanin alawa ne, fentinsa ya koɗe. Ƙofa huɗu ta gaba inda muryoyi ke shiga, ƙofa ɗaya ta baya inda suke fita tare. Babu batir ciki, ba ya shan wuta. Uku suna aiki har gobe. Ta huɗun a yanke take, kuma ba lalacewa ta yi ba. An yanke ta ne don a ji muryar wata tsohuwa sau ɗaya kafin ta bar duniya. Za ni gaya muku yadda anka yi, amma sai kun san akwatin tukuna, in ba haka ba ba ku gane girman abin da anka bayar.

Aikin farko da na taɓa da hannuna rediyon wani mai shanu ne daga Kajiji. Malam, maigidana, Allah shi jiƙan shi, yana da rumfar gyaran rediyo a kasuwar Bodinga, abin da bai ƙare ba sai ya taho da shi gida. Ni aikina hura gawayi, domin ƙarfen darmarsa ba na lantarki ba ne, cikin garwashi ake tura kansa har ya yi zafi. Rannan hannunsa ya kumbura, kunama ta harbe shi, ga mai shanu zaune zaure yana jira. Ya ce mani, "Kin daɗe kina kallo. Kama." Na ɗauko ƙarfen, na kai shi kusa da kumatuna kamar yadda na ga yana yi, na ji zafin ya kai. Na ɗora bisa wayar, na kawo darma. Sai na ga ta narke ta bi wayar da kanta, kamar an kira ta. Hayaƙi siriri ya tashi ya bi hasken da ke shigowa ta taga. Rediyon ya yi tari, sai ga wani mutum yana magana daga wata ƙasa mai nisa cikin tsakar ɗakina. Tun daga rannan ƙamshin darma bai bar zanena ba.

A wurinsa na koyi cewa ba darma ake ɗumamawa ba, wayar ake ɗumamawa, darma ta zo ta same ta. Haɗin kirki yana ƙyalli kamar idon kifi. In kun ga ya yi duhu ya dunƙule kamar tuwon jiya, to yaudara ce, ranar biki zai ba ku kunya. Kayan aikina ba su da yawa: ƙarfen nan, kaskon wuta, filaya, ɗan almakashin yankan waya, ƙusa babba ta huda gwangwani, da tsumma jiƙaƙƙe na goge bakin ƙarfe. Duka suna shiga cikin kwando ɗaya.

Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Amma wanda ya ƙirƙiro rasista ya san akwai irina a duniya, shi ya sa ya yi rubutunsa da launi. Ku ga ta nan, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar shinkafa, da zobba a jikinta. Ƙasa-ƙasa, baƙi, ja: wagga ta makirfo ce, ba ta matse murya da yawa. Ƙasa-ƙasa, baƙi, ruwan goro: wagga ta kaset ce, ko waya irin taku, masu zuwa da ƙarfinsu. Malam kan kwance matattun rediyoyi ya zuba mani su cikin faifai, in zauna ina tsince su kamar mai tsintar tsakuwa cikin gero. Har yau in na ga zane mai ratsi a jikin mace, sai in iske ina karanta shi.

Wani biki a Shagari shi ya mai da ni mai sana'a. An yi hayar amfilifaya, injin ƙara sauti, da lasifika da batirin mota wurin Malam, amma gidan ba a shiga, namiji iyakarsa zaure. Malam ya miƙo kayan ta bayan labule, ya ce mani, "Sauran naki ne." Na shiga na iske zabiya da 'yan amshinta da masu kiɗan ƙwarya, ga amfilifaya mai bakin soka makirfo ɗaya tak. Suna ta fizgar makirfo ɗaya kamar ludayi a gidan yawa. Wata mai wayo ta kawo na biyu, ta fere wayoyin da haƙori ta murɗe su wuri guda, irin dai dabarar da kunka gani cikin wayarku. Muryoyin sunka shaƙe juna. Wadda ta fi ƙarfi ta danne 'yar uwarta, duka biyun sunka fito kamar daga cikin tulu.

Da na koma gida na ba Malam labari, sai ya share ƙasa da tafin hannu ya ja layuka da tsinke. Ya ce, "Kin san ban-ruwan albasa a fadama?" Na ce ai cikinsa na girma. Ya ce to murya ruwa ce. In ka haɗa kwari biyu baki da baki, mai ƙarfi sai ya koro ruwansa cikin na raunana ya mai da shi baya. Sai kowane kwari an yi mashi 'yar madatsa tasa, ya tsallake ta a hankali, sannan su haɗu a babbar hanya ba mai komawa gidan wani. Madatsar ita ce rasista. Gaban kowace madatsa kuma a sa bolum, wanda ni nake ce ma kunne, don shi ake murɗawa a rage ruwan. Wayar ƙasa, wato ta biyun da ke rakiyar wayar murya, ta kowa da kowa a haɗe ta wuri ɗaya. Ke nan. Da gaskiyarku, ba wuya a faɗe.

Na farkon da na yi, cikin ƙwarya na yi shi. Na ga abin mata ne, na ce bari ya yi kyau. Na sayo ƙwarya mai zane da murfinta, na huda, na jera kunnuwa. Kowa ya gani sai ya yaba. Da munka kunna shi a wani suna a Mandera, sai ga wani gurnani ya cika gidan, kamar zuma ta yi sansani cikin lasifika. Tsofaffi sunka fara karanta addu'a, wata ta ce ƙwaryar ta masu bori ce, a fitar da ita. Malam ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce iska cike take da hayaniyar da kunne ba ya ji, waya kuwa tana ji, kuma ƙwarya ba ta tare ta, sai ƙarfe. Shi ya sa kuke ganin gwangwani. Ana kankare fenti ta ciki, a manna wayar ƙasa a jikinsa da darma, sai ya zama katanga. Ku sa hannu ku ji. Cikin wanga gwangwani shiru ne irin na rijiya.

Masu zuwa wurina kusan duk magana ɗaya suke kawowa. "Kulu, ki yi mani wanda zai ƙara mani murya." Liman na son a ji shi har tasha, zabiya na son ta rufe ta garin gaba, mai tallan magani na son ya kashe kasuwa. In ce masu, wanga akwati bai san ƙari ba. Ba ya da wuta, ina zai samo abin da zai ƙara? Abin da ya iya kawai ya karɓi kaɗan daga kowa don kowa ya samu wucewa. Kuma kowace ƙofa kunka ƙara, sai ta ci rabonta daga sauran, ko da mai ita bai buɗe baki ba. In ana son a ji wani, sai dai a rage wani. Ƙari kuwa aikin amfilifaya ne, shi ma in an matsa mashi sai ya fasa kuka. Daga nan mata sunka sa mashi suna akwatin ragi. A kasuwa kowa na roƙon ragi, amma ban taɓa ganin wadda ta zo ta ce a yi ragi a muryarta ba.

Akwai ladabi kuma cikin abin, wanda ba ya cikin wayarku. Ba a murɗa kunnen babba a ɓoye. Wata mai koyo a hannuna ta taɓa rage muryar uwar ango ba da saninta ba, da matar ta gane, sai ta naɗe tabarmarta ta bar bikin, anka yi shekaru gidan ango da na amarya ba su gaisawa. In za ki rage wadda ta girme ki, sai kin je kin durƙusa kin roƙa, gaban mutane.

Na yi shekaru masu daɗi. In damina ta ɗauke anka shiga bukukuwa, ba na kwana biyu a jere gida. In hau bayan babur, akwati bisa cinya, kwando a baya, mu bi hanyar ƙasa tsakanin gonaki, karan dawa na shafar ƙafata. Wurin zamana a kowane gida ɗaya ne, bayan turmi, inda ba mai kallo. In ɗora yatsu bisa kunnuwan in lumshe ido. Ku ba za ku yarda ba, amma ina jin muryoyin suna bi ta cikin yatsuna. Ta zabiya ɗumi gare ta. Ta 'yan amshi kamar garken tumaki na sauka gangare. Ƙwarya kuwa bugun zuciyar gidan ce. In ɗan sassauta wagga, in ɗan ja waccan, har su kwanta jikin juna. Wani lokaci in buɗe ido in ga rana ta yi ja, ban san sa'ad da la'asar ta wuce ba. Mutane su watse suna cewa zabiya ta yi waƙa yau. Ni in naɗe wayoyina.

A cikin zabiyoyin duka ba wadda na fi daɗewa da ita kamar Inna Ige ta Dandin Mahe. Ta girme ni nesa. A ƙuruciyarta ba ta bukatar lasifika, in ta ɗaga murya a bakin rijiya ana ji a gona. Kunnenta a akwatina kullum a rabi yake, don in na sake mata duka sai ta haɗiye kowa. Takan leƙo bayan turmi ta ce, "Ke Kulu, ɓarauniyar murya, nawa kika sace mani yau?" In ce, "Kaɗan na, Inna, na ba marayu."

Sai mummunar shekara ta zo. Shekarar da Malam ya rasu ita ce shekarar da akwatunan kiɗan nan masu caji sunka cika kasuwa, masu fitilu ja da kore, a soka masu ɗan abu kamar farce su yi ta waƙa har gari ya waye, ba zabiya, ba amshi, ba mai neman a ba shi fura. Rani guda ba wanda ya yi sallama yana neman Kulu. Ƙarfen darmata bai huce ba dai, amma butoci na koma liƙewa, da kwanonin da sunka huje, da gindin fitila. Hannun da ya saba haɗa muryoyi ya koma toshe yoyo. Na zuba rasistocina cikin kwalba na rufe. A shekarar ce kuma ciwo ya kama Inna Ige a maƙogwaro. Ta tashi, amma muryar ba ta tashi tare da ita ba.

An jima, wata safiya, mai babur ya tsaya ƙofar gidana ya ce Inna Ige na kirana, in taho da akwati. Na iske ta bisa gado, ta ƙanƙance kamar yarinya. Sai da na kai kunnena kusa da bakinta sannan na ji ta.

"Nana za a kai ɗaki," ta ce. Nana jikarta ce, ɗiyar ɗiyarta, uwar ta rasu tun tana goye. "Za ni yi mata waƙar sunaye."

Na san waƙar. A zuriyarsu, ranar da za a kai yarinya, babbar macen gidan ke jero sunayen uwaye mata tun daga ta farkon da ake tunawa, uwa ta miƙa ma ɗiya, har a iso kan amarya a sa sunanta a ƙarshe. Sai an faɗe shi gaban taro kowa ya ji, sannan ta shiga layin. Ba a aron baki a yi ta, kuma in ba Ige ba, babu sauran wadda ta rage.

Na ce, "Inna, kin san akwatina."

"Na san shi. Shekara nawa kina sace mani. Yau nika son ki maido."

Na yi dariya, ita ma ta yi, ba sauti.

Uwar biki ita ce goggon amarya, Hajiya Luba. In kun taɓa shiga layin 'yan albasa a kasuwar Bodinga kun san irinta: dillaliya, mai jiki, mai murya kamar ganga. Abin da anka san ta da shi duk ƙasar nan, ba ta ragi. In ta faɗi kuɗin buhu, ko za ka kwana nan kana roƙo, ta faɗa ke nan. Ita ta yi hidimar bikin duka, kuma ta zo da makirfonta na kanta mai kan zinariya, wanda ta sayo a Makka. Domin a al'ada cikin waƙar sunaye ake yin kyauta, duk sunan da anka kira sai danginsa su taso su ba da abin da sunka kawo, uwar biki kuma ita ke shelanta wa ya ba da mi. Wannan ita ce ranarta ita ma. Ta daɗe tana jiran ta.

Bayan la'asar na shimfiɗa kayana bayan turmi. An fito da Ige anka jingina ta da filo a bakin ɗakinta, na rataye lasifika kusa da ita. Ƙofa ta farko tata. Ta biyu ta 'yan amshi, tsofaffi ne su ma, abokan tafiyarta. Ta uku ta masu ƙwarya. Ta huɗu ta Hajiya. Gida ya cika har bisa katanga, amarya na zaune tsakiya cikin lulluɓi.

Munka gwada. Na sake ma Ige kunnenta duka, abin da ban taɓa yi ba. Na ga bakinta na motsi, lasifika kuwa sai huci. Na roƙi 'yan amshi, na rage su. Na roƙi masu ƙwarya, na rage su har sunka koma kamar ɗigon ruwa daga indararo. Na ɗaga amfilifaya a hankali, da ya fara kuka na dawo da shi kaɗan. Muryar ta fito, amma kukan kaji ya fi ta. Ga Hajiya na kai da kawo da makirfonta tana gyara zaman mutane, duk sa'ad da ta gitta gaban lasifika sai ya yi ƙara kowa ya toshe kunne.

Za ku ce in cire kowa in bar Ige ita kaɗai. Na kawo mata wannan. Ta girgiza kai. Kunnenta ya yi nauyi, in ba ta ji ƙwarya daga lasifikar da ke kusa da ita ba, ba ta san inda za ta sa ƙafa ba. Numfashinta kuma cikin amshi take ɗaukarsa. Ta ce waƙar da babu amshi ba waƙa ba ce, kuka ne, ita kuwa ba kuka ta zo yi ma Nana ba.

Saura ƙofa ɗaya ke nan. Kuma na gaya muku, ko an murɗe kunne har ƙarshe, ƙofar na nan tana shan rabonta. Sai an yanke ƙafar rasistarta sannan ruwan ya koma ma sauran. Ba wani abu mai yawa ba ne za a samu. Amma ɗan wannan, da kuma damar in ƙara ɗaga amfilifaya in makirfon Hajiya ya daina yawo, shi ne tsakanin a ji da kada a ji.

Na tashi na ratsa mata, na durƙusa gabanta da akwatin a hannu.

"Ranki shi daɗe, Hajiya, ragi nika roƙo."

Makirfonta na buɗe, gidan duka ya ji. Dariya ta tashi har zaure. Wata daga baya ta ce, "Kulu ta ɓata hanya, ta ɗauka kasuwar Bodinga ta zo!"

Hajiya ta dube ni daga sama. "Kulu, yaushe kika fara shaye-shaye? Ni? Ragi? Ko wadda ta haife ni taz zo sayen albasa, kuɗin da nif faɗi shi za ta biya."

"Ba na albasa ba na, ranki shi daɗe. Na murya."

"To rage kaɗan, kada ki wuce kaɗan."

"Ba kaɗan ba na. Duka. Yanke ƙofarki za a yi, kuma ban zo da wuta ba balle in maida ta yau."

Dariyar ta mutu. Hajiya ta gyara gyalenta. "Ni nis sayi shanun bikin ga. Ni niy yi gado da katifa. Sannan a ce in tsaya tsakar gida awa bebiya, mutane su ba da kaya ba mai faɗin sunansu? Gobe mi za a ce a Bodinga?"

Gaskiya ta faɗa. Ina nan durƙushe sai na ga hannun Ige ya ɗago yana kiran ta. Hajiya ta juya. Ige ta yi magana.

"Mi tac ce?" in ji Hajiya.

Ba wanda ya ji. Ige ta sake.

"Ku yi shiru mana! Inna, mi kika ce?"

Ta taka ta matsa. Ba ta ji ba. Ta sunkuya, ba ta ji ba. Sai da babbar macen nan ta kai gwiwoyinta ƙasa, da leshinta da zinariyarta, ta sa kunne a bakin tsohuwar. Ni ina kusa, na tsinci maganar. Cewa ta yi, "Luba, ƙyale Kulu. Yi shelarki, kin yi wahala. Ni na faɗa ma Nana a kunne, ya isa."

Hajiya ta waiwaya daga inda take durƙushe. Ta dubi amarya cikin lulluɓinta. Sannan ta miƙe da ƙyar, ta kakkaɓe gwiwa, ta miƙo mani hannu.

"Ina almakashin?"

Na ce, "Bari in yanke, ranki shi daɗe."

"A'a. Ni ba a yi mani ragi. In ragi za a yi, ni ka yin shi da hannuna. Nuna mani wurin."

Na buɗe murfin. Na nuna mata 'yar ƙwayar, ƙasa-ƙasa, baƙi, ja. Ta ce, "Wagga 'yar abar?" Na ce ita. Ta sa almakashi, ƙyas. Ta naɗe wayar makirfonta mai kan zinariya ta tura cikin jaka.

Na koma bayan turmi na ɗaga amfilifaya. Bai yi kuka ba. Ƙwarya ta fara, can ƙasa. Na lumshe ido.

Muryar ta zo siririya kamar zaren da ake ja daga auduga, amma ba ta tsinke ba. Na ji ta ta shigo ta ƙofar farko, ta tsallake madatsarta, ta iske hanya a share. Ta kira sunan farko, wata mata da ta zo da shanu daga yamma tun ba a haƙa rijiyar garin ba. 'Yan amshi sunka karɓa a hankali kamar masu karɓar jariri. Ta kira na biyu. Kaji ma sunka yi shiru, ko kuwa ni ce na daina jin su. Na ji kamar matan nan da ake kira suna shigowa ɗaya bayan ɗaya ta ƙofar gida, da ƙoransu bisa kai, suna neman wurin zama cikinmu, ana matsa masu. Muryar ta haura katanga, ta bi ta kan zaure inda maza sunka bar hira, ta sauka fadama ta bi kwarin albasa. Hasken yamma ya kwanta bisa gwangwanin har ya yi ɗumi a hannuna.

Da na buɗe ido, sai ga Hajiya Luba tsakar gida ta baza gyalenta tana karɓar kyauta. Kowa ya kawo sai ta dube shi ta gyaɗa kai. Leɓɓanta na motsi, tana faɗin wa ya ba da mi, amma ba ta bar ko sauti ɗaya ya fita ba.

Ige ta kira sunanta na kanta. Ta kira na ɗiyarta marigayiya, nan muryar ta yi rawa, amshi ya tallafe ta. Sannan ta ja iska ta ce, "Nana." Har na bisa katanga sun ji. Guɗa ta tashi, irin wadda ba ta bukatar akwatin kowa.

Ige ta rasu da gero ya fara fitar da kai. Nana yanzu tana da ɗiya, kuma ta iya waƙar, don rannan ta ji ta daga farko har ƙarshe.

Bayan arba'in na bi ta layin 'yan albasa da akwatin cikin kwando. Na gaida Hajiya, na ce mata in ta yarda in hura wuta in maida ƙofarta, aikin bai kai a sha ruwa ba. Tana cikin ciniki da wani mutumin Mandera, yana ta magiya, ita ko ta kafe. Ta juyo ta ce, "Kul, Kulu. Bar ta yadda take. In kin haɗe ta, wa za shi yarda na taɓa yin ragi?" Ta koma kan mutumin ta ce, "Kuɗin da nif faɗi, Malam."

To, ga gawayi can, ga ƙarfe. Ku samo gwangwani ku kankare, in nuna muku launukan, kowa ya yi nasa. Wanga kuwa ku riƙe shi da hannu biyu, ku buɗe murfin ku leƙa in kuna so. Amma ƙofa ta huɗu, kada wanda ya kai mata darma.